Gej na bisa kore amma gas ya lalace: nazarin wata burekar 33kV a bayan garin Sakkwato

Burekar da zan yi bayani a kanta, wato babban makunnin da ke yanke wutar lantarki da kansa in matsala ta faru, irin ta waje ce, 33kV, mai ƙafa uku na tangaran, ja da yalo da bulu, kowane layin wuta da tashi ƙafa, wadda anka cika da gas ɗin SF6. Tana tsaye ne a bakin shigowar wuta na wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Sakkwato, daga ita sai taransifomar da ke sauke wutar zuwa injuna. Ba zan kama sunan wurin ba don ba tonon silili na zo yi ba, kuma abin da ya faru can yana iya faruwa ko'ina, tunda yadda muke kula da irin waɗanga burekoki kusan ɗaya ne duk inda ka je: a leƙa gej, wato agogon da ke nuna matsin gas, in allura na bisa kore a wuce, in ta sauka a ɗauko silinda a ƙara gas, shikenan an gama mentenans. To wanga aiki ya nuna muna ƙarara cewa gej yawan gas kawai yake faɗa maka, bai san komai game da lafiyar gas ɗin ba, alhali lafiyar gas ɗin ita ke ɗauke da labarin abin da ke faruwa cikin tangaran inda ido bai kaiwa.

Ga wanda ba ɗan hannu ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. SF6 haɗi ne na ƙwayar farar wuta guda ɗaya da fulorin guda shida. Wasu masana biyu ne a Faransa, Henri Moissan da Paul Lebeau, sunka fara haɗa shi a farkon shekarun 1900, amma sai cikin shekarun 1950 ya shigo harkar bureka. Ba shi da kala, ba shi da wari, ba ya kama wuta, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyar, kuma ya fi ta tare wuta kusan sau biyu da rabi in matsinsu ɗaya. Amma babban abin da ya sa anka riƙe shi a bureka shi ne wanga: lokacin da kwantak biyu, wato ƙarafan da ke haɗuwa wuta ta wuce, sunka rabu da lodi a kansu, harshen wuta ke tashi tsakaninsu, zafinsa dubban digiri, wanga zafi yana tarwatsa gas ɗin ya rabu gutsi-gutsi, to da zarar wutar ta mutu sai gutsattsarin nan su sake komawa su haɗe su zama SF6 kamar ba a yi komai ba. Kusan dukkansu. Kusan, ba duka ba, kuma a cikin wanga ɗan ragowar aikinmu yake.

In akwai laima ko iska a cikin tangaran ɗin, wasu gutsattsarin ba su komawa gida, sai su kama oksijin da ruwan da sunka tarar. Daga nan ake samun SOF2 da SO2F2, shi kuma SOF2 in ya ci gaba da zama da laima sai ya rikiɗe ya zama SO2 da HF, wanda HF ɗin nan asid ne mai cin tangaran da ƙarfe da huhun mutum. In gutsattsarin sun kama tururin ƙarfen kwantak, jan ƙarfe ko alminiyam ko tangistin, sai su zama wani gari fari ko toka-toka da ke kwanciya a ƙasan ƙafar. In wutar ta taɓa bututun Teflon da ke hura gas bisa kwantak, ko wani abu na roba mai tauri, sai wasu gas biyu, CF4 da CO, su bayyana. H2S kuma, mai warin baragurbi, yawanci sai abu ya yi zafi ƙwarai yake fitowa. Wato kamar matar da ta san girki ce, ba sai ta buɗe tukunya ba, ƙauri kaɗai ya gaya mata tuwo ya kama daga ƙasa. Bambancin dai shi ne nan ba a shinshinawa da hanci, na'ura ke shinshinawa, don abin guba ne.

Yanzu ga yadda lamarin ya faro. Akwai wani dattijo da ke kula da wutar kamfanin, kowa Baba yake ce mishi, mutum mai tsare aikinsa wallahi, yana da littafi da yake rubuta komai a ciki da biro, kuma wanga littafi shi ya taimake mu fiye da komai daga baya. A littafin munka ga ƙararrawar ƙarancin gas ta fara kuka ne tun damanar da ta wuce, anka ƙara gas cikin Agusta, ta yi shiru, ta sake tashi da hunturu, anka sake ƙarawa. Abin da ya riƙa rikita Baba shi ne ƙararrawa na kuka amma in ya je da rana ya duba gej ɗin da ke gaban akwati sai ya iske allura na bisa kore daram. Shi ya sa ya yanke hukuncin cewa ƙararrawar ce ke da matsala.

Ba ita ke da matsala ba. Burekar na da abubuwa biyu, akwai mai auna kaurin gas wanda ke gyara lissafinsa gwargwadon zafi, shi ke kaɗa ƙararrawa, akwai kuma gej na matsi zalla wanda bai san zafi ko sanyi ba. Kamfanonin da ke ƙera bureka suna rubuta matsin gas ne a kan digiri 20. To ku lissafa da kanku, gas da ke rufe cikin tangaran in ya tashi daga digiri 20 zuwa 45 matsinsa na ƙaruwa da kashi 8 da ɗoriya cikin ɗari, wato a bureka mai matsin ba 6 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi) kana maganar sama da rabin ba na ƙari, ba tare da an ƙara ko ɗigon gas ba. Kuma kowa ya san digiri 40 da ɗoriya ba baƙon abu ne a Sakkwato ba cikin Afrilu da Mayu, balle tangaran da ke tsaye cikin rana tun hantsi. Rabin ba ɗin nan ya isa ya ɓoye yoyo. Zafin garinmu da kansa ke ɗaga allura ya mayar da ita kore. Don haka duk mai irin wanga gej a yankin nan, in zai karanta shi ya karanta da asuba, ya rubuta zafin lokacin a gefe, in ba haka ba karatun ba shi da amfani.

Ba maganar gas ce ma ta sa anka kira mu ba. An kira mu ne don duba kayan wuta gaba ɗaya kafin shinkafar rani ta fara shigowa daga fadamu, lokacin da injuna ke aiki dare da rana. Munka zagaya da kyamarar zafi bayan isha'i, don da rana hasken rana na ruɗa ta, sai munka ga ƙafar yalo ta ɗara ja da bulu zafi daga sama, kamar digiri 3 zuwa 4. Ba wani yawa ba. Da yawa za su ce ai wanga ba komai ba ne, kuma in a kan kilam na waje ne, wato maɗaurin da ke riƙe waya a jikin ƙafar, gaskiya ba komai ba ne. Anka kashe wuta, anka kwance kilam ɗin waje anka goge anka ɗaure, anka mayar da wuta, zafin bai gusa ba. To zafin da ya taso daga ciki sai ya ratsa gas, ya ratsa tangaran mai kauri kafin kyamara ta gan shi, saboda haka digiri 3 a waje na iya zama wani abu mai yawa a can ciki. Da na haɗa wanga da maganar ƙarin gas da ke cikin littafin Baba, sai na ce a nemo na'urar gwajin gas.

Nan ma aiki ne, don ba a samu ta a gari ba, sai daga Kaduna wani ɗan kwangila ya zo da ita. Ƙaramar akwati ce, tana auna tsarkin gas, da laima, da SO2, irin wagga kuma tana da ƙarin H2S da CO, sannan tana mayar da gas ɗin da ta zuƙa cikin bureka maimakon ta sake shi a iska. Abu na farko da na tambaya shi ne takardar ranar da anka daidaita ta, don hancin da ke jin SO2 a cikinta yana tsufa, in ya tsufa sai ya riƙa ba ka lamba ƙasa da gaskiya ka tafi gida da murna. Takarda ta yi daidai. Munka kashe wuta, munka buɗe aisoleta mai raba bureka da layi, munka sa at, wato munka jona layin da ƙasa don tsaro, munka wanke tiyo da gas mai tsabta, sannan munka fara da ƙafafun da ba mu zargi, don in ka fara da mai datti sai hancin na'ura ya cika ya ɓata maka sauran karatun.

Wagga bureka ƙafafunta uku a haɗe suke da wani siririn bututu, amma kowace ƙafa na da bawul nata a gindi inda za ka iya ɗibar gas. Saboda bututun siriri ne gas bai saurin cakuɗewa, kowace ƙafa na riƙe da nata labari. Ja da bulu sun nuna SO2 ƙasa da ppm 10, wato kashi 10 cikin miliyan. Da munka jona yalo lamba ta yi ta hawa ba tsayawa har ta haura 150, H2S ma ya bayyana wanda babu shi a sauran biyun, CO bai taka kara ya karya ba. Laima kuwa ta yi yawa a duka ukun, tsarkin gas ya sauka ƙasa da yadda ya kamata, alamar iska ta shiga. Don ku gane girman abin, mizanin ƙasa da ƙasa na IEC 60480 na 2004, wanda ke bayanin gas ɗin da ya cancanci a sake amfani da shi, ya sa iyakar SO2 da SOF2 a haɗe a ppm 12.

Amma fa a nan ne ake son natsuwa, kuma nan ne na fi son masu aikin su tsaya su karanta da kyau. Ganin SO2 a cikin bureka shi kaɗai ba hujja ba ce. Bureka aikinta kenan kashe harshen wuta, duk lokacin da ta yanke babban folt, wato wutar da ta kwararo da ƙarfi saboda matsala a layi, dole ta haifar da waɗanga abubuwa, in ka gwada ta washegari za ka ga lamba mai tayar da hankali alhali lafiyarta lau. Shi ya sa masu ƙera ta ke sa wasu 'yan ƙwayoyi a ciki, molekula sib ko alumina, masu tsotse laima da gurɓataccen gas, cikin 'yan kwanaki su share wurin. Ba kamar sashen basba na GIS ba, wato sandunan ƙarfe masu raba wuta da ke rufe cikin gas, inda babu abin da ke buɗewa ko rufewa, can kam ko kaɗan ka gani ka san akwai magana. To tambayar da ta dace a nan ita ce yaushe rabon burekar nan da yanke folt? Littafin Baba da rikodin rile, na'urar da ke ba bureka umarnin buɗewa, sunka amsa: sama da wata guda. Ɗauke wuta daga sama an yi ta yi, wanga kullum ne, amma ita da kanta ta yanke folt, an jima. Tambaya ta biyu, in daga aikin yau da kullum ne mi ya sa yalo kaɗai, tunda tare suke buɗewa tare suke rufewa? Ta uku kuma, burekar na yoyo kuma ana ƙara mata sabon gas, wato hujja na fita ta wurin yoyo, sabon gas na tsarma wadda ta rage, ƙwayoyin tsotsa na cinye wata, duk da haka lamba ta haura 150. Ma'ana akwai abin da ke dafa gas ɗin a kai a kai, yana samarwa fiye da yadda ake kwashewa.

Tunda wuta na kashe munka gwada ƙarfin haɗuwar kwantak da na'urar da ke tura amfiya 100, inda ƙaramar lamba ke nuna haɗuwa mai kyau. Ja da bulu sun tsaya a 'yan gomomin maikro-om kamar yadda ya kamata. Yalo ta ba mu wajen 1,500, wato om 0.0015, kuma abin da ya fi lambar kanta muhimmanci, duk lokacin da munka buɗe munka rufe sai ta ba da wata lamba daban, wani lokaci ta sauka sosai wani lokaci ta ɗaga. Abu mai ɗaure ba ya haka. Sai na zauna na yi ɗan lissafi, lodin kamfanin a ɓangaren 33kV bai wuce amfiya 100 ba, in ka buga 100 sau 100 sau 0.0015 wat 15 kacal za ka samu. Wat 15 ya isa ya ɗumama tangaran da digiri 3, ya dace da abin da kyamara ta gani, amma da wuya a ce shi kaɗai ya gasa gas har ya kai wagga lamba. Saboda haka zargina ya koma kan tartsatsi: wani abu ya saki a ciki, wuta na bi ta 'yan ƙananan wurare, su narke, su rabu, tartsatsi ya tsallaka, musamman lokacin da manyan motoci na injin casa sunka tashi sunka ja wuta da ƙarfi. Ga kuma laima na jira a gefe ta kama duk abin da ya tarwatse.

Sai maganar gaya wa mai kamfani. Alhaji mutum ne mai saurare amma kuma ɗan kasuwa ne, motocin shinkafa na hanya, ga dizal da tsada in aka ce janareto zai ɗauki injuna.

Yac ce, "Injiniya, wagga bureka ko sau guda ba ta ƙi aiki ba. Gej na bisa kore, ni da idona na gani. Mi za a buɗe a nema? A ƙara gas a bari sai bayan kaka."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ƙarin gas shi ne abin da bai kamata a sake yi ba yanzu. Ba ta ƙi aiki ba don ba a tambaye ta aiki mai nauyi ba tukuna. Ranar da folt ya faɗo bisa taransifoma ita za a tambaya, kuma da wagga ƙafa za ta amsa."

Na yi mishi bayanin abin da nake tsoro dalla-dalla, don ba na son tsoratarwa maras tushe. Garin da ke taruwa a ciki in yana bushe wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa sosai, amma in ya sha laima sai ya zama hanyar wuta a jikin tangaran da sandar da ke tura kwantak. HF na cin fuskar tangaran daga ciki yana sa ta kaushi. In wuta ta bi wagga hanya ta tsallaka, matsi zai tashi nan take cikin tangaran mai ba 6, kuma tangaran in ya fashe ba tsagewa yake ba, watsewa yake, ga ma'aikata na bi ta gefen shingen kullum da buhuna. Ga hadarin farkon damana na tafe da iska da tsawa, lokacin da layuka sunka fi faɗuwa, kuma wutarmu doguwar tafiya take yi, daga Kainji ta layin 330kV zuwa Birnin Kebbi, daga can ta 132kV zuwa Sakkwato, sannan ta bazu a layukan 33kV cikin daji. Baba da ke tsaye a gefe shi ya ƙarasa zancen, yac ce, "Alhaji, gara mu kashe ta da hannunmu ranar da munka zaɓa." Anka tsayar da ranar Juma'a tunda dama aiki rabi ne, anka haɗa da Asabar.

Buɗe irin wagga ƙafa ba aikin gaggawa ba ne. Da farko an zuƙe gas ɗin duka da famfo zuwa wata silinda daban da anka yi wa alama, ba a sake shi a iska ba. Dalili biyu ne. Na ɗaya guba ce a ciki, kuma gas ɗin mai nauyi ne, gangarawa yake ya kwanta a ramin kebul, mutum ya shiga ya rasa numfashi bai ji warin komai ba in gas ɗin mai tsabta ne. Na biyu, kilo ɗaya na SF6 daidai yake da kilo 23,500 na hayaƙin CO2 wajen ɗumama duniya, kuma yana daɗewa a sama kimanin shekara 3,200, shi ya sa yake cikin jerin gas ɗin da yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta lissafa. Mu da hamada ke matso muna kowace shekara ba mu ne ya dace mu riƙa buɗe bawul muna sakin wanga abu ba, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ji wani na cewa ai ɗan kaɗan ne.

Bayan an zuƙe anka shigar da iska anka sake zuƙewa don wanke ciki, sannan anka kafa rumfar leda saboda ƙura, kowa ya sa safar hannu ta roba da gilashi da takunkumi mai tace asid, ba irin na kyalle ba. Ko da hakan, da murfi ya ɗaga sai da warin baragurbi ya bugi waɗanda ke nesa. Farin gari ya rufe gindin ƙafar da jikin kwantak. Wani yaro ɗan koyo ya ɗauko bulowa zai hure shi, Baba ya riƙe hannunsa, yac ce, "Kai ɗana, aje! Wanga in ya shiga ƙirjinka ba ya fita da tari." Da injin zuƙar ƙura mai matata anka kwashe shi, anka goge, tsummoki da safar duka anka jiƙa su cikin ruwan soda don kashe asid ɗin kafin a ɗaure su.

Abin da munka iske ya yi daidai da abin da gas ya faɗa. Notin da ke ɗaure mazaunin kwantak na sama ya saki, mazaunin na motsi da hannu. Fuskar da ya kamata ta kasance da farin ruwan azurfa ta yi baƙi, duk ta yi 'yan ramuka na tartsatsi, wani gefen ma jan ƙarfen ya narke ya daskare. Bututun Teflon bai ci sosai ba, wanda ya dace da ƙarancin CO da munka gani. Ƙwayoyin tsotsa sun ƙoshi, sun canza kala, ba sauran abin da za su iya sha. Shi kuma yoyon, robar da ke toshe gindin wagga ƙafa ce ta bushe ta tsattsage, ta yi fele-fele ba sauran taushi. Mi ya sassauta notin? Abin da ya fi kama hankali shi ne girgiza, don kanta mai ƙirga buɗe-rufe ta nuna burekar ta yi buɗe-rufe masu yawan gaske, duk ɗauke wuta sai a buɗe ta, in an kawo a rufe, kowane bugu na jijjiga ƙafar, ga faɗaɗa da tsukewar ƙarfe tsakanin zafin rana da sanyin asuba.

Saura laima, ta ina ta shiga? Hanya biyu. Mutane da yawa na ɗauka tunda matsin ciki ya fi na waje babu abin da zai shiga, to tururin ruwa ba ya bin wanga lissafi, in ya fi yawa a waje yana ratsa roba a hankali ya shiga, balle robar da ta tsage, balle cikin Agusta. Hanya ta biyu ita ce tiyon da ake ƙara gas da shi. Baba ya nuna muna shi rataye bisa ƙusa a sito, bakinsa biyu a buɗe, ya sha damana a haka. Duk lokacin da anka jona shi, iska da laimar da ke cikinsa su ke fara shiga bureka kafin gas. Ban ga laifin Baba a nan ba ko kaɗan, babu wanda ya taɓa ba shi famfon bakum, mai zuƙe iska tas, ko ya nuna mishi cewa ana wanke tiyo kafin a jona, an dai ba shi silinda an ce in ta yi kuka ka ƙara. Kuma laimar nan ita ta mayar da ƙaramar matsala babba, don da gas ɗin a bushe yake da yawancin abin da tartsatsi ya tarwatsa ya koma yadda yake, asid ɗin da zai taru bai kai haka ba.

Gyaran kansa ba shi da wani dogon labari. An canza mazaunin kwantak da yatsunsa, an ɗaure da sufana mai auna ƙarfi, an canza robobin ƙafafu ukun gaba ɗaya tunda shekarunsu ɗaya, sabbin ƙwayoyin tsotsa su anka sa a ƙarshe dab da rufewa don kar su sha iskar waje, anka ja bakum ƙasa da miliba 1 anka bar shi ya tsaya don a tabbata ba yoyo, sannan anka cika da sabon gas, bayan an gwada silindar kanta tukuna. Lambobin kwantak ukun sunka dawo kusa da juna, kowace ta tsaya cak duk yadda ka buɗe ka rufe. Anka bar gas ya kwana ya zauna kafin a auna laima, don in ka auna nan take ƙarya za ta yi maka. Bayan injuna sun yi makonni da cikakken lodi anka sake kawo na'ura, SO2 bai motsa ba a ko wace ƙafa, kyamara ma ta nuna su daidai.

Littafin Baba yanzu ya samu sabbin layuka: lokacin da anka karanta gej da zafin lokacin, nauyin silinda kafin da bayan duk wani ƙari, da ranar da bureka ta yanke folt. An toshe bakin tiyo da murfi an sa shi cikin leda. An kuma yi ƙa'ida cewa in ƙararrawa ta yi kuka sau biyu a shekara ɗaya ba a ƙara gas sai an nemo inda yake fita, kuma a ɗebi gwaji kafin a ƙara, ba bayan an ƙara ba.

Alhaji ya tambaya ko a karo na gaba ya sayi bureka mai bakum wadda ba ruwanta da gas. A 33kV ana samunsu da yawa kuma ni ma ita zan zaɓa a wuri irin wanga, Turai ma dokarsu ta 2024 ta sa wa'adin daina kafa sabbin kayan SF6 masu ƙarfin da bai wuce 24kV ba daga 2026, waɗanda sunka kai 52kV kuma daga 2030. Amma waɗanda ke tsaye a filayenmu yanzu za su yi shekaru suna aiki, dole a riƙa gwada su. Matsalar da ta rage a tebur ita ce ta na'ura, ɗauko ta daga Kaduna duk lokacin gwaji na cin kuɗin mota da masauki da jira. Na ba shi shawara biyu, ko dai a ajiye irin 'yan kwalaben gilashin nan masu canza kala in SO2 ya bi ta cikinsu, ba su kai na'ura daidaito ba amma sun isa su nuna maka ƙafar da ta bambanta da 'yan uwanta, ko kuma masu injinan casa da sauran masu taransifoma na kansu a gari su haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya a riƙa zagayawa da ita, a riƙa aika ta daidaitawa a kan lokaci. Ya ce kwalaben a sayo yanzu, maganar haɗa kuɗi kuma zai kai ta gaban 'yan uwansa masu injina in sun zauna bayan sallah.